Abin da Mayen Ƙarfe Ba Ya Ɗauka

Ɗiyar Yayana tana rarrafe a lokacin da na gane abin da yake yi da mayen ƙarfe a tsakar gidanmu. Watanta tara ko goma, irin yaran nan da duk abin da suka tsinta sai baki. Tsakar gidan da take rarrafe kuwa, nan ubanta yake shanya garin dutsen zinari. Na san abin da ke cikin garin nan, shi ma ya sani, kowa a ƙauyenmu ya sani, don mun riga mun binne yara saboda shi. Abin da ya raba mu ɗaya ne: shi yana ganin ya samo maganin abin, ni kuma na san bai samo ba.

Ni malamar firamare ce a Anka, aji huɗu nake riƙe da shi, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san bakina ba ya jira. In na ga abu ba daidai ba, kafin in yi tunani na riga na faɗa. Ƙauyenmu yana can wajen Dareta, tafiyar babur ce, can Inna take zaune da Yaya da matarsa tun rasuwar Babanmu. Yaya ya girme ni da shekara takwas. Bai yi boko ba, allo ya yi har ya sauke, amma Allah ya ba shi basirar hannu. Injin ban-ruwa, rediyo, fitilar caji, duk abin da ya mutu a ƙauyen gidanmu ake kawo shi. Shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan keke ina yarinya, kuma taurin kanmu iri ɗaya ne, Inna ta sha faɗa.

Shekarar da gubar dalma ta afka mana, ɗan farin Yaya yana cikin waɗanda suka tafi. Shekararsa biyu. Ya fara da amai, sai jijjiga, a kwana na uku ya cika a hannun Inna. Da farko aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Sai daga baya likitoci suka zo suka bayyana mana cewa dutsen da maza ke haƙowa suna kawowa gida yana da dalma a ciki. In an daka shi, ƙurar tana sauka a ƙasa, yaro ya dafa da hannu ya kai baki, shi ke nan ta shiga jini. Aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa, maza suka yi alkawarin aikin dutse ya koma bayan gari.

An riƙe alkawarin shekaru, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai daji ya lalace. Wurin aikin da ke bayan gari ya zama inda mutum ba ya zama da kwanciyar hankali, ko da rana tsaka. Gona kaɗai ba ta riƙe gida, ga Inna, ga mata da ciki. Sannu a hankali buhunan dutse suka dawo cikin gidaje, kowa yana gani, kowa ya yi shiru. Na yi wa Yaya magana sau biyu, ya ce in kwantar da hankalina, yana da dabara. Ni kuma, sakarci, ban tambayi wace dabara ba.

Wata Asabar na je gida da safe zan kwana. Bayan la'asar ina kan tabarma ina tsince wa Inna wake, sai ga Yaya ya fito da wani ƙaton mayen ƙarfe, irin zagayayyen nan mai huda a tsakiya da ake ɓallowa daga bayan babbar sifika. Na sha ganinsa rataye a jikin rumbu, na ɗauka na aikin zinari ne kawai. Don masu haƙa suna amfani da shi: in sun wanke garin dutse, abin da ke saura a gindin kwano baƙin yashi ne gauraye da ƙwayoyin zinari, sai su shanya su bi da maye a kai, baƙin yashin ya tashi ya manne, zinarin ya zauna. Amma ran nan ba kwano ya nufa ba. Ya sa mayen cikin leda, ya ɗaura masa igiya, ya fara ja a ƙasa daga bakin rumbu zuwa ƙofar ɗakin Inna, ya juyo, layi bayan layi kamar mai huɗa. Da ya gama ya ɗaga shi, ledar ta yi baƙin gemu. Ya kai bayan ɗaki, ya zare mayen, baƙin ya zube cikin rami, ya tura ƙasa ya rufe.

Na ce, "Inna, mi Yaya shika yi haka?"

Inna ta ce, "Dalma shika cire muna. Kullum sai ya yi kahin a aje yarinyar ga ƙasa. Har maƙwabta na zuwa aro." Da alfahari ta faɗa, kuma tana rufe baki matar Yaya ta sauke yarinyar daga baya ta dire ta a ƙasa. Yarinyar ta dafa tafukanta biyu ta kama hanya.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, waken ya watse. Na sure yarinyar na saɓa a kafaɗa, na ce, "Yaya, wanga aikin banza na! Maye ba ya ɗaukar dalma!"

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce, "To baƙin abin ga da nika kwashewa kullum, mi na?"

Na ce ƙarfe ne, ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin kowace ƙasa, ko a filin makarantarmu ka ja maye sai ka samu. Ya yi dariya ya ce littafi ya faɗa mini, shi kuwa idonsa ya gani. Ya tambaye ni ko na taɓa shiga rami, ko na taɓa riƙe kwanon wanki. Ya ce dalma ta fi ƙusa nauyi, in maye ya ɗaga ƙusa yaya za a yi ya bar dalma. Raina ya ɓaci, muryata ta hau, tasa ma ta hau. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Ɗaya bai ishe ka ba?"

Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya naɗe igiyarsa a hankali, ya rataye mayen a jikin rumbu, ya fita. Inna ta bari sai da ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ta ce, "Ke, kin ji abin da kinka hwaɗi? Mutumin da ya haƙa kabarin ɗanshi da hannunshi?" Na ce Inna gaskiya na faɗa. Ta ce, "Awo, gaskiya ta. To ga yarinyar nan, mi gaskiyar taki ta ƙara mata?" Washegari na hau babur na koma Anka bai kula ni ba. Abin da na iya samu kawai, matarsa ta yi mini alkawarin za ta riƙa goya yarinyar, ba za ta sauke ta ba sai kan tabarma. Na san alkawarin ba zai wuce kwana biyu ba, mai rarrafe ba ta goyuwa yini guda.

Darasin maganaɗisu, kamar yadda littafi ke kiransa, sai zango na gaba ya kamata in koyar. Na jawo shi makon nan. Rabin yaran ajina iyayensu aikin dutse suke yi, kuma tunda maƙwabta na aron mayen Yaya, na tabbata maganar ta yi nisa. Makarantarmu ba ta da kayan gwaji, amma wannan bai taɓa hana ni ba. Ina da mayuka huɗu da mai gyaran rediyo na kasuwa ya ɓallo mini daga matattun sifikoki, da wasu dogaye guda biyu da na daɗe ina ɓoyo cikin gwangwani. Dalma ce ba ni da ita. Mijina mutumin Gummi ne, ƙanen babansa masunci ne, sai na sa ya buga masa waya. Ran Talata direba ya kawo mini dalma guda uku, irin wadda ake ɗaurawa a bakin birgi don ragar ta nutse. Na ƙulle su cikin farar leda, ƙulli biyu, don ba zan bar yaro ya taɓa ta da hannu ba.

In dai darasin nan ne, ban yarda akwai wanda ya fi ni ba a duk makarantun Anka, kuma ba fariya nake ba. Ranar farko ba na rubuta komai a allo. Ina ba su dogayen mayukan nan biyu, in ce su haɗa kai da kai. Wani gefen, ƙas, su manne. In an juya ɗaya, su ƙi, yaro yana turawa abu yana zillewa, har ya fito da harshe don ƙoƙari. Ajin ya kaure da ihu. Sai sun gaji sannan nake gaya musu cewa kowane maye kai biyu gare shi, ɗaya ana ce masa arewa, ɗaya kudu. Arewa da kudu suna jan juna, arewa da arewa suna korar juna, kudu da kudu ma haka. Daga nan in zuba ƙananan ƙusoshi kan murfin kwali, in sa maye a ƙarƙashi in ja, ƙusoshin su bi shi ba tare da ya taɓa su ba. In jefa allura cikin kofin ruwa in ce wa zai fito da ita bai jiƙa hannu ba. Akwai mai cewa aljani ne a ciki, kowace shekara sai an samu, ni kuma in ce to aljanin nan mai gyaran rediyo ya ba ni shi, su yi ta dariya.

Akwai kuma na allura da ganye, wanda ni kaina har yau yake burge ni. Ka goga allura a jikin maye ta gefe ɗaya kawai, daga kunne zuwa tsini, ka ɗaga ka sake, kamar sau talatin. Ka ɗora ta kan ɗan ganye cikin kwanon ruwa. Za ta juya a hankali ta tsaya, kai ɗaya arewa, kai ɗaya kudu. Ka karkata ta da tsinke, ta koma. Ina sa su fuskanci arewa su miƙa hannun dama, ga gabas nan, su leƙa taga su ga haka masallacin unguwa yake fuskanta.

Rana ta biyu ce ta faranti, kuma ita nake jira. Na zuba tarkace a kan babban faranti: ƙusa, reza, murfin kwalbar lemo, gwangwanin madara, murfin tukunyar alminiyam, jar wayar lantarki da na feɗe, tsinken itace, marfin biro, ɗan kunnena na zinari, da ƙullin dalma. Dokata ɗaya ce, ba a gwadawa sai an yi hasashe. In ɗaga abu, masu cewa zai manne su koma dama, masu cewa ba zai manne ba su koma hagu, sannan wani ya fito ya gwada da hannunsa. Ƙusa da reza da murfin kwalba da gwangwanin madara, duk suka manne, kowa ya ci. Itace da roba ba wanda ya faɗi. Murfin tukunya ya kayar da su da yawa, jar waya ma haka, don sun ɗauka duk abin da ke ƙyalli yana yin ƙara maye zai ja. Na ce musu a'a, maye yana da zaɓi. Baƙin ƙarfe yake so da abin da aka yi da shi, sai wasu 'yan kaɗan da ba mu cika gani ba. Sauran ko kallo ba su ishe shi ba.

Da na ɗaga ɗan kunnena, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan. 'Ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa suka ruga dama, wai zinari ai ya fi kowane ƙarfe. 'Ya'yan masu haƙa kuwa suka koma hagu gaba ɗayansu, suna kallon sauran kamar sun ce rana daga yamma take fitowa. Aka gwada, ɗan kunne ya yi zamansa. Sai na ɗaga ƙullin dalma, na bar su suka ji nauyinta ta cikin leda. Duk ajin, har 'ya'yan masu haƙan, suka tattara suka koma dama. Na ce kun tabbata? Suka ce, "Malama, ji nauyi fa!" Maganar Yaya sak. Aka kawo maye, aka juya shi, aka kawo babba, aka haɗa biyu. Dalma ko motsi.

Na tsaya ina kallon fuskokinsu. Ba wanda ya yi mini gardama, ba wanda ya ce littafi ya faɗa mini, don hannunsu ya gwada. Na yi musu bayani dalla-dalla cewa in sun ga ana jan maye a tsakar gida don cire dalma, su gaya wa iyayensu mata ba ya cirewa. Na sa kowa ya wanke hannu da sabulu a bakin famfo. Ina tsaye ina zuba musu ido na ji haushin kaina ya kama ni. Yara 'yan shekara tara na ba su damar su yi kuskure su gano da kansu, Yayana mai gemu kuma na tsaya gaban matarsa ina yi masa ihu.

Asabar da sassafe na ɗaure farantin cikin ɗankwali na hau babur. Inna na fara samu, na gaya mata abin da na zo yi. Ta ce in fara ba shi haƙuri, kuma kada in kuskura in buɗe farantin nan a tsakar gida. Ta aiki matar Yaya maƙwabta da yarinyar, ita kuma ta shige ɗaki ta saki labule. Na sami Yaya a zaure yana kwance wata fitila. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Yaya, na yi maka laihi, ka yahe min." Ya daɗe yana juya sukudireba kafin ya ce ya wuce. Sai ya hango ɗaurin da ke hannuna.

Ya ce, "Makaranta kinka kawo min gida?"

Na ce, "Awo. Mayukana ƙanana na, naka nika so mu gwada da shi."

Ya yi ɗan murmushi, ya san wayo nake, amma ya tashi ya ɗauko. Na shimfiɗa kayan a kan tabarma, na gaya masa dokar aji, a faɗa kafin a gwada. Ya ce to, Malama. Ƙusa, ya ce za ta bi, ta bi. Jar waya, ya ce ba ta bi, wa ya fi shi sanin waya. Murfin tukunya, ya ce ba ya bi. Bai faɗi ko ɗaya ba, har ya fara jin daɗin abin yana yi mini tsiya wai nan ne iyakar bokon. Na ciro ɗan kunnena na ajiye. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Haba! Zinari ba shi bin maye. In da shina bi, da mi za mu raba shi da baƙin yashi?"

Na ce haka ne. Sai na ajiye ƙullin ledar. Ya ɗauka ya jinjina, ya ce, "Dalmar birgi ta wagga." Na ce ita ce, za ta bi ko ba za ta bi ba? Ya daina dariya. Ya ce za ta bi.

Ya sauko da mayen a kanta. Shiru. Ya juya ɗaya gefen. Ya ce ledar ce ta tare, na tuna masa cewa shi ma cikin leda yake jan nasa, amma duk da haka ya yage ta. Ya zaro wuƙa ya kankare dalmar har ta yi fari tana ƙyalli, ya manna ta a jikin mayen, ya saki, ta faɗo kan tabarma. Ya sake, ta sake faɗowa. Ya ɗauki ƙusa ya kai kusa, ta yi tsalle ta manne, wato ba mayen ne ya mutu ba. Na cije bakina na yi shiru, kuma Allah ya sani ban taɓa yin shiru mai wuyar wannan ba.

Can ya ce, "Wagga narkakka ta. Ta cikin dutse daban ta."

Na ce a hankali, "Yaya, zinarin kunnena narkakke na, bai bi ba. Na cikin kwanonka ba narkakke ba na. Shina bi?"

Ya zauna da mayen a cinya yana kallon ƙofar da ke shiga cikin gida. Mutum ne mai kai, ba sai an ƙara masa ba. Da ya buɗe baki muryarsa ta canza. Ya ce, "Tun tana ciki nika jan abin ga. Kullum. Ran da nike zazzaɓi ma ban hwasa ba." Ya ce duk ran da ya ga baƙin nan a leda yana jin ya tare mata wani abu. Sai hawaye. Rabon da in ga hawayen Yaya tun ran da aka dawo daga maƙabarta. Ni ma na yi kuka, don na san abin da na ƙwace masa, kuma ba ni da wani da zan ba shi a madadi. Abin da na ce kawai shi ne ya wanke hannunsa da sabulu, akwai inda ake auna jinin yara a Anka, kuma yanzu hantsi ne.

Kafin azahar muna kan hanya, shi da matarsa da yarinyar a babur ɗaya, ni a na haya ina bin su. An auna, an sami dalmar a jininta, da yawa har sai da aka ɗora ta kan magani. Uwar da ɗiyar suka zauna gidana makonni. Yaya ya koma ƙauye shi kaɗai. Ya fitar da buhunan dutse ya kai wani kango a gefen gari inda yara ba sa zuwa, can yake wanka ya sake tufafi kafin ya shigo gida. Ya kankare tsakar gidanmu da fartanya, ya kwashe a amalanke ya kai nesa, ya zubo sabuwar ƙasa. Inna ta ce abin da ya fi ba shi wuya ba wannan ba ne. Bi ya yi gida gida, duk wanda ya taɓa aron mayensa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce musu da bakinsa ya yi kuskure, abin ba ya aiki, su kai yaransu awo. Wasu sun ji, wasu sun ce ƙanwarsa ce ta juya masa kai. Bai fasa ba sai da ya gama zagayen.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Yanzu shekararta bakwai, tana wurina a Anka lokacin karatu, aji ɗaya take. Ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana, kuma abin da sa'o'inta ke kamawa sau ɗaya, ita sai an maimaita mata sau huɗu ko biyar. Ba na ɓoyewa, kuma ba na yarda kowa ya kira ta daƙiƙiya a gabana. Kullum bayan la'asar muna zama ni da ita da allo da alli. Tana ce mini Gwaggo a gida, a makaranta ma Gwaggo, na hana har na gaji na ƙyale. Na san aikina, na san yarinyar nan za ta yi karatu, sai dai a hankali.

Hutun da ya wuce na kai ta gida. Da zan dawo Yaya ya rako ni zaure, ya leƙa ya tabbata uwar ba ta kusa, ya rage murya ya ce, "Hwaɗa min gaskiya, ni na yi mata wanga abu?"

Na ce dalma ce ta yi mata, shi kuwa shi ya ɗauko ta kan babur ran nan bai tsaya ko cin abinci ba. Ya girgiza kai, amsar ba ta ishe shi ba. Ya ce, "To tana ganewa?" Na ce masa tana rubuta sunanta ba a riƙe mata hannu ba, tana ƙirga har hamsin, kuma makon jiya ta karanta layi guda a allo ita kaɗai, gaban aji. Ya ce in sake faɗa masa na ƙarshen. Na sake faɗa.